Sakamakon TSH ya fito, gajiya ba ta tafi ba: a ƙara ƙwaya, a gyara shanta, ko a sauya magani?

Shekara huɗu ke nan da aka yi wa yayata aikin maƙoƙo. Ƙullutun ya girma har ya fara danne mata maƙogwaro, in ta kwanta rigingine numfashi ya riƙa sarƙewa, don haka likitoci suka cire tsokar tayirod ɗin, wadda ke gaban wuya, gaba ɗaya. Tun daga ranar take shan 'yar ƙwaya guda kullum, wadda a kwali ake rubuta Levothyroxine, mu kuma muke ce mata tayiroksin. Ni nake raka ta asibiti, ni nake karanta takardu a gidan, shi ya sa duk abin da ya shafi ƙwayar nan a kaina yake sauka.

Da hunturun bara na same ta da hantsi a tsakar gida ta bi rana, zani biyu a jiki, ga mayafi har ka. Ƙasan idonta ya tasa, fatar ƙwaurinta ta yi furu-furu duk da man kaɗanyar da take shafawa, muryarta ta dusashe kamar mai mura. Ta miƙo min takarda ta ce, "Duba min nan, auta. Yaron da ya ɗebi jinin ya ce adadin ya hau. Ashe maganin ne ya yi min yawa. Daga gobe rabi zan riƙa sha."

Na duba. TSH 9.6, a gefe an rubuta 0.4 zuwa 4.0. A ƙasa kuma FT4 12.4, iyakarsa 12 zuwa 22. Na ce, "Yaya, don Allah kada ki taɓa ƙwayar nan sai mun ga likita. Hawan wannan adadin ƙarancin magani yake nunawa."

Kuskuren da ta so yi shi ne wanda na fi ji a bakin mutane, kuma yana da dalili. A gwajin suga ko hawan jini, in adadi ya hau, abin ne ya yi yawa. TSH kuwa a juye ake karanta shi, domin ba tayirod ke yin sa ba. Wata 'yar tsoka ce kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fituwitari, take sakin sa don ta kira tayirod zuwa aiki. Kamar uwa ce ke ƙwala wa yaro kira: in ya amsa da wuri murya a ƙasa take, in ya yi shiru sai ta ƙara ɗagawa. TSH mai yawa muryar uwa ce da ta ɗaga saboda sinadarin tayirod bai isa a jini ba. TSH da ya faɗi ƙasa da 0.4 kuma alama ce ta cewa sinadarin ya wuce kima, uwa ta yi tsit. FT4 shi ne sinadarin kansa, ɓangaren da ke yawo a sake cikin jini, kuma shi a miƙe ake karanta shi. Kunnen fituwitari yana da kaifi ƙwarai, ɗan raguwa kaɗan a FT4 kan sa TSH ya ninka. Shi ya sa takardar Yaya ta nuna FT4 a cikin iyaka, ko da yake a bakin ƙofa, alhali TSH ya ninka iyakarsa fiye da sau biyu.

Abu ɗaya da za a kiyaye kafin a gwama takarda da takarda: ma'auni ya bambanta. Wani ɗakin gwajin yana rubuta FT4 da pmol/L, inda lafiyayyen adadi ke tsakanin wajen 10 zuwa 22. Wani yana rubutawa da ng/dL, inda yake tsakanin wajen 0.8 zuwa 1.8. Wanda ya ga 15 a takardar bara, ya ga 1.2 a ta bana, yana iya zaton abu ya lalace, alhali kusan daidai suke, tunda 1 ng/dL ya kai kusan 12.9 pmol/L. A auna kowane sakamako da iyakar da aka buga a gefensa, kuma in da hali a riƙe ɗakin gwaji ɗaya.

To, ga mutum yana shan tayiroksin, ga jiki ba daɗi, ga takarda a hannu. Hanyoyin da ke gabansa uku ne. Ya nemi a ƙara masa ƙarfin ƙwayar. Ko ya bar ta yadda take ya gyara yanayin shanta. Ko ya koma wa magani mai ɗauke da T3, wani nau'in sinadarin tayirod, wanda ake ta yabawa a intanet. Ra'ayina, bayan shekarun nan na zirga-zirga, shi ne ta biyun ce ya kamata a fara dubawa, kuma ita aka fi tsallakewa. Amma akwai waɗanda jira bai dace da su ba, zan zo kansu.

Ƙarin ƙwaya shi ne abin da zuciya ta fi saurin karkata gare shi, kuma sau da yawa shi ne daidai. Lissafin da likitoci ke farawa da shi ga babban mutumin da tayirod ɗinsa ba ya aiki sam shi ne mikrogiram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. Yaya kilo 68 ce, lissafinta ya faɗa kusan 109, tana kuma shan 100. Mai kilo 90 da aka bari a kan 75 tun shekara biyu, TSH yana 12, nasa a bayyane yake: maganin ya yi masa kaɗan, duk yadda zai gyara lokacin sha ba zai cike giɓin ba. Wanda kuma har yanzu yake da tayirod mai ɗan aiki, kamar masu cutar Hashimoto a farkonta, inda garkuwar jiki ke cin tsokar sannu a hankali, buƙatarsa ba ta kai wannan lissafi ba, amma takan ƙaru da shekaru. A lura da rubutun kwali: mikrogiram 100 shi ne miligiram 0.1, ƙwaya ɗaya ce aka rubuta ta hanya biyu.

Ƙarin yana da ƙa'ida. Ana hawa da mikrogiram 12.5 ko 25 a lokaci guda, sannan a jira mako 6 zuwa 8 kafin a sake gwaji. Dalilin jiran shi ne tayiroksin yana daɗewa a jiki, sai bayan kusan kwana 7 rabin abin da aka sha yake fita, saboda haka sabon adadi yana ɗaukar wajen mako shida kafin ya zauna daram. Wanda ya yi gwaji bayan kwana goma ya ga TSH bai sauka ba ya sake ƙarawa, ya yi gini a kan danshi. Tsofaffi da masu ciwon zuciya kuwa da 25 ake fara musu, wani lokaci 12.5, a riƙa hawa a hankali, domin maganin yana ƙara wa zuciya aiki.

Haɗarin wannan hanya yana wajen wanda TSH ɗinsa ya riga ya daidaita amma yake neman ƙari don gajiya. Makonnin farko yakan ji ƙarfi, har ya ce ai ga shi an dace. Daga baya sai faɗuwar gaba, rawar hannu in ya ɗauki kofi, gumi ko da sanyi, barci ya ƙaurace. Waɗannan ana jin su. Waɗanda ba a ji sun fi muni. Binciken garin Firamingham na Amurka da aka wallafa a 1994 ya bi mutane 'yan shekara 60 zuwa sama na tsawon shekara goma, ya gano cewa masu TSH 0.1 ko ƙasa sun ninka sauran sau uku wajen kamuwa da rikicewar bugun zuciya, irin wadda kan haifar da gudan jini da shanyewar ɓarin jiki. Ga matan da al'ada ta ɗauke musu kuma, yawan maganin yana zaizaye ƙashi a ɓoye, ba a sani ba sai an zame a banɗaki ƙugu ya karye. Ina faɗar wannan da ƙarfi ne saboda na san a wurare da yawa ana iya shiga kemis a sayi ƙwayar ba takardar likita, kuma na ji mata suna ba juna shawarar shan ta don rage ƙiba. Adadin da zai rage ƙiba ga mai lafiyayyen tayirod adadi ne mai iya taɓa zuciya.

Da muka je asibiti, likitar ba ta ɗauki biro ba tukuna. Ta kalli takardar, ta kalli Yaya, ta ce, "Hajiya, gaya min yadda kike shan maganin, tun daga tashinki."

"Kullum ina sha, likita, ban taɓa fashi ba. In an dama koko sai in haɗiye da shi. In haɗa da jar ƙwayar nan ta ƙarin jini, da ta ƙashi da aka ba ni bayan aiki, in huta gaba ɗaya."

"Sai me kuma?"

"In olsa ta motsa sai in kurɓi farin maganin nan na kwalba."

Likitar ta ajiye takardar ta ce ba za ta ƙara komai ba a ranar. A nan na fahimci hanya ta biyu da kyau. Tayiroksin magani ne mai tsirfa. Ko a cikin da ba komai, kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari ne kawai ke shiga jini, a ƙaramin hanji. Abinci yana rage wannan. Sinadarin ƙarfe da ke cikin maganin ƙarin jini, da kalsiyam na maganin ƙashi, da alminiyam na farin maganin olsa, duk suna kama ƙwayar a hanji su fice da ita ta bayan gida. Madara ma kalsiyam ce, don haka shayi mai kauri da safe yana cikin lissafi. Shan kofi, wato gahawa, yana rage shigarta. Waken suya ma haka, kuma a nan ya kamata mu Hausawa mu buɗe kunne, domin awara da madarar waken suya sun zama abincin yau da kullum a gidajenmu. Ba a ce a daina ci ba, tazara ake so. Yaya tana haɗiye 100 kowace safiya, amma abin da ke isa jininta bai kai haka ba.

Akwai kuma masu rage shigar maganin ta wata fuskar. Ƙwayar tana buƙatar tsamin ciki kafin ta narke sosai, saboda haka omefirazol da danginsa, magungunan olsa masu rage tsamin ciki, suna iya rage shigarta, haka ma ƙwayar cutar H. pylori mai haddasa olsa, wadda ta yi yawa a ƙasashenmu. Wani bincike daga Italiya a 2006 ya nuna masu irin wannan matsalar ciki sun buƙaci ƙarin kashi 22 zuwa 34 cikin ɗari na tayiroksin. Rifamfisin na tarin fuka, da wasu magungunan farfaɗiya irin su kabamazefin da fenitoyin, suna sa hanta ta ƙone shi da sauri. Duk wanda aka ɗora a kan ɗayan waɗannan ya faɗa wa likitan tayirod ɗinsa.

Tsarin da aka ba Yaya mai sauƙi ne. Ta sha ƙwayar da ruwa zalla da ta idar da sallar asuba. Koko sai bayan awa guda, in an matsu rabin awa. Maganin ƙarin jini da na ƙashi su koma bayan azahar, domin tsakaninsu da tayiroksin ana son awa 4. Bayan mako bakwai muka maimaita gwaji a wuri ɗaya, TSH ya dawo 3.1, a kan ƙwayar 100 ɗin nan dai. Kumburin fuska ya saɓe, ta ajiye zani ɗaya. Da an ƙara mata zuwa 125 a ranar farko, sannan wata rana ta gama maganin ƙarin jini ta daina, da ta wayi gari da magani fiye da kima ba tare da ta sauya komai da saninta ba. Wannan shi ne babban fifikon gyara sha a kan ƙari: yana cire abin da ke sa adadin yawo, sai ya zama in ma an ƙara daga baya, a kan tabbas aka ƙara. Kuma ba ya cin ko kwabo.

A cikin wannan hanya akwai wani ƙaramin zaɓi, safe ko dare. Mun saba jin cewa da safe ake sha, amma an gwada. A Rotadam ta ƙasar Holan, a wani bincike da aka wallafa a 2010, mutum 90 sun sha wata uku da safe, wata uku da dare. Shan dare ya saukar da TSH da kusan 1.25 fiye da na safe, ko da yake yadda suke jin jikinsu bai bambanta ba. Sharaɗin dare shi ne a bar awa 3 bayan cin abinci na ƙarshe. Ga gidan da ake cin tuwo da magariba a kwanta ƙarfe goma, dare ya dace. Ga wanda sai tara yake dawowa daga kasuwa ya ci ya kwanta, ko mai kurɓar fura kafin barci, asuba ta fi masa. Mu da muke tashi sallah muna da sa'a a nan, tsakanin asuba da karin kumallo tazarar da ake nema tana nan a shirye. Wanda aka zaɓa dai a dawwama a kansa.

Azumi yana rikita wannan tsari, kuma na ga yadda yake rikita shi. Da sahur lokaci ya ƙure, da buɗa-baki ba mai iya shan ƙwaya ya zauna rabin awa yana kallon kunu da ƙosai. Abin da ya yi wa Yaya aiki shi ne ta ajiye ƙwayar da kofin ruwa a gefen katifa, ta sha da ta farka, sannan ta shiga kicin. Kafin ta ɗumama abinci ta tashi yara, minti arba'in sun wuce. Wasu sun fi son bayan tarawihi, in sun iya kame baki awa uku kafin nan da awa guda bayan nan. Ko wanne aka bi, kada a yi gwaji a tsakiyar watan a sauya adadin magani a kansa. A jira mako shida bayan sallah.

Har yanzu a ƙarƙashin gyara, akwai ita kanta ƙwayar da ita kanta takardar. Tayiroksin ba ya son zafi da haske da laima. Kwalin da ya kwana a kan taga ko a aljihun mota a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, ba a sa ran ƙarfinsa ya tsaya yadda yake. A bar shi cikin takardarsa ta asali a wuri mafi sanyi a ɗaki, a saya a kemis mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa. A kuma yi ƙoƙarin tsayawa a kan samfuri ɗaya, in Euthyrox ne a zauna a kansa, in wani ne haka. Faransa ta ga abin da ƙaramin sauyi ke yi a 2017, lokacin da aka canza kayan haɗin wani samfurin tayiroksin mai suna Levothyrox, sinadarin maganin yana nan yadda yake, amma dubban mutane suka kai ƙorafin jiri da gajiya da zubewar gashi. In dole ta sa an sauya samfuri, a yi gwaji bayan mako shida.

Ita takarda kuma tana iya yin ƙarya. Bayotin, wanda ke cikin ƙwayoyin gyaran gashi da fata da farce da mata ke saye, yana rikita na'urorin gwaji da yawa, ya nuna TSH ƙasa, FT4 sama, kamar magani ya yi yawa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan rikita gwaje-gwajen da yake yi a 2017. A dakatar da shi aƙalla kwana biyu kafin a ba da jini. In za a auna FT4, a ba da jinin da safe kafin a sha ƙwayar ranar, domin yakan ɗaga na 'yan awanni bayan sha. Kada kuma a yi gwajin ana tsakiyar zazzaɓi mai zafi ko kwanciyar asibiti, rashin lafiya mai tsanani yana karkatar da adadin na ɗan lokaci. Sannan gaskiya tsakanin mutum da likitansa: in ana mantawa sau biyu a mako, an rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na maganin. TSH a sama tare da FT4 mai kyau sau da yawa alamar wanda ya yi fashi ne, ya dawo sha gab da ranar gwaji.

Saura hanya ta uku. Tayiroksin shi ne T4, kuma T4 kamar hatsi ne a rumbu, sai an sarrafa shi ya koma T3 kafin gaɓoɓi su amfana. Kusan kashi 80 cikin ɗari na T3 a jiki a wajen tayirod ake yin sa, a hanta da ƙoda da sauran sassa, daga T4. Da aka tabbatar da haka a 1970 ne likitoci suka natsu cewa T4 kaɗai ya wadatar. Ga mafi yawan mutane ya wadatar ɗin. Amma akwai kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari da TSH ɗinsu ya daidaita, suna sha bisa ƙa'ida, duk da haka gajiya da mantuwa da nauyin kai ba su sake su ba. Ban yarda a ce musu raki suke yi ba. Su ne ake tunanin ko ƙara musu ƙwayar T3, layotayironin, zai taimaka.

Zancen ya yi ƙarfi ne a 1999, bayan wani ƙaramin bincike a Lituweniya a kan mutum 33, inda aka cire mikrogiram 50 na T4 aka sa 12.5 na T3, suka nuna sauƙi a yanayin rai da kaifin tunani. Aka yi ta maimaitawa a wurare daban-daban. A 2006 aka tattara gwaje-gwaje 11 masu mutum 1,216, ba a ga fifikon haɗin a kan tayiroksin kaɗai ba, ko a gajiya, ko a damuwa, ko a nauyin jiki. Duk da haka wasu marasa lafiya suna cewa sun fi jin daɗinsa, shi ya sa ƙungiyar likitocin tayirod ta Turai a 2012 ta bar ƙofa a buɗe: ƙwararre zai iya gwadawa na wata uku, da ɗan T3 kaɗan, kashi ɗaya a kan 13 zuwa 20 na T4, in ba a ga canji ba a daina. Ba a ba mai ciki, ba a ba mai rikicewar bugun zuciya.

In aka ajiye shi kusa da tayiroksin, wahalarsa a fili take. T3 yana shiga da sauri ya fita da sauri, rabinsa kan fita cikin kusan yini guda, don haka akan raba shi sau biyu a rana, kuma bayan kowane sha yakan yi tsalle a jini, wasu su ji zuciya na dukan uku-uku. Fashin kwana ɗaya a tayiroksin ba ya girgiza jiki, a T3 ana ji. Karanta takarda ma yana ƙara wuya, FT4 yakan sauka, adadin T3 kuma ya danganta da awa nawa da shan ƙwaya. Ga tsada, ga wuyar samu a kemis ɗinmu. Wanda zai fara maganin da sai an aiko masa daga waje, ya tambayi kansa me zai yi ranar da ya yanke.

Ɗan'uwansa shi ne busasshen tayirod na dabba, irin su Armour Thyroid, da ake tallatawa da sunan na halitta. Tsohon magani ne, tun 1891 likita George Murray ya yi wa wata mata allurar ruwan tayirod na tunkiya a Ingila ta samu sauƙi, kuma da irinsa aka yi ta amfani shekaru da dama. Na yau galibi daga alade ake yin sa, abin da ya wajaba Musulmi ya sani kafin ya yi oda, musamman da yake akwai madadinsa. Ƙwaya mai miligiram 60 tana ɗauke da kusan mikrogiram 38 na T4 da 9 na T3, wato huɗu da ɗaya, alhali tayirod na ɗan'adam kusan 14 da ɗaya yake fitarwa. T3 ɗin ya yi wa jikinmu yawa. A wani gwaji na mutum 70 a Amurka a 2013, kusan rabi sun ce sun fi son sa, amma ma'aunin alamomin ciwo bai nuna bambanci ba. Su kuwa ƙwayoyin "ƙarfafa tayirod" da ake sayarwa a intanet ba takarda, an auna guda goma a Amurka aka samu sinadarin tayirod na gaske a cikin tara. Mai shan su a kan tayiroksin yana ƙara magani bai san adadi ba.

Kafin a kai ga T3, ni dai zan so a kashe kuɗin a wani gwajin. Ƙarancin jini, ciwon suga, ƙarancin bitamin B12, ciwon ƙoda, minsharin da ke yanke numfashi cikin barci, da ciwon damuwa, duk suna sanya rigar gajiya iri ɗaya da ta tayirod. Macen da ta haihu shida, take zubar da jini mai yawa duk wata, TSH ɗinta 1.8, gwajin yawan jini ya fi mata gwajin T3 amfani, ya kuma fi araha.

Waɗanda na ce jira bai dace da su ba, ta farko mai juna biyu ce. Jariri a watannin farko da sinadarin uwa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa, buƙata kuma tana hawa tun makonnin farko. Shawarar ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka ta 2017 ita ce mai shan tayiroksin ta ƙara kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari da zarar ta tabbatar da ciki, hanya mai sauƙi ita ce ƙwaya tara a mako maimakon bakwai, ta kuma garzaya wurin likita. Ana gwaji duk mako huɗu har tsakiyar ciki, mai neman ciki kuma ana son TSH ɗinta ƙasa da 2.5. Maganin ƙarin jinin da ake bayarwa a awon ciki ya koma rana. Na biyu, wanda FT4 ɗinsa ya faɗi ƙasa da iyaka sosai, TSH ya kai 30 ko 50, jiki ya kumbura, barci ya yi yawa: gyara da ƙari tare za a yi, kuma a makon nan.

Akwai kuma waɗanda karatun takardarsu daban yake. Macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, daga nan nono bai kawo ba, al'ada ba ta dawo ba, ƙarfi ya ƙare, mai yiwuwa fituwitarin ce ta samu rauni, abin da likitoci ke kira ciwon Sheehan. A wurinta fituwitarin, uwar nan mai kira, ita ce ta rasa murya, TSH zai iya fitowa daidai ko ƙasa alhali FT4 ya faɗi. Da FT4 ake auna maganinta, kuma dole a duba sinadarin kotizol kafin a fara mata tayiroksin, in ba haka ba ana iya jefa ta cikin haɗari. A inda haihuwa a gida da zubar jini suka yi yawa kamar yankinmu, duk wanda ya ga irin wannan a gidansu ya ambata wa likita tarihin haihuwar. Wanda aka cire wa tayirod saboda ciwon daji kuma, da gangan likita kan danne TSH ɗinsa ƙasa, kada ya rage don ya ga adadin ya fita daga iyaka. Dattijo ɗan 75 kuwa, TSH na 5 ko 6 ba abin tayar da hankali ba ne. Wani babban gwaji a Turai a 2017, a kan mutum 737 'yan shekara 65 zuwa sama masu ɗan hawan TSH da FT4 mai kyau, ya nuna ba su tayiroksin bai rage musu gajiya ba.

Yaya tana nan a kan 100. Takardunta na gwaji suna cikin wata tsohuwar jakar leda, a bayan kowacce na rubuta kwanan wata, da nauyinta, da samfurin da take sha, da sauran magungunan da take kai a lokacin. Likitar ta ce tunda adadin ya zauna, sau ɗaya a shekara ya isa, sai in an sauya mata wani magani ko nauyinta ya motsa sosai. Gwaji na gaba mun sa shi mako shida bayan ƙaramar sallah, da safe, ƙwayar ranar tana cikin jakarta sai an gama ɗibar jini.